Daga kwankwanin maharba zuwa zoɓon leda: me tsiro ke iya yi wa zuciya?

Kwankwani ba baƙon tsiro ba ne a ƙasar Hausa. Da 'ya'yansa maharba da mayaƙan da suke haɗa dafin kibiya, kuma aikin dafin ɗaya ne: ya shiga jini ya kama zuciya, ta ƙanƙame ta kasa saki. A farkon shekarun 1860, wani likita ɗan Sikotilan mai suna John Kirk, da ke cikin ayarin David Livingstone a kogin Zambezi, ya ajiye irin wannan dafin a aljihu ɗaya da burushin haƙoransa. Da ya wanke baki sai ya ji ɗaci, can kuma ya lura bugun zuciyarsa ya ragu. A 1885 Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya gabatar wa likitoci sinadarin da aka tace daga tsiron a matsayin maganin zuciya mai rauni. Abin da ke ka da barewa shi ne ya koma magani, ba a sauya masa komai ba sai yawan da ake bayarwa.

A Kano in aka ta da maganar ganye da ciwon zuciya, mutane kan rabu biyu. Akwai ɗan bokon da zai taɓe baki ya ce duk camfi ne. Akwai kuma mai mota da lasifika da ya girke a bakin kasuwa yana jero wa jama'a hawan jini, ciwon suga, basir, sanyi da dattin ciki, wai duk gora ɗaya ce maganinsu. In dattijuwa ta matso ta ce, "Malam, ina shan na asibiti, ba zai yi mini illa ba?" amsar a shirye take: "Haba Hajiya, ganye ne fa, ganye ba ya illa." A ganina su biyun duk sun kauce, sai dai kuskuren mai lasifika shi ne wanda ake binne mutane a kansa.

Ɗan bokon ya je ya duba kantar magani ta kowane asibiti. Ƙwayar digoksin da ake ba masu gazawar zuciya daga ganyen wani fure na Turai take. William Withering, likita a Ingila, ya ji labarin wani haɗin gargajiya mai ganye ashirin ko fiye da ke sauke kumburin jiki, ya bi diddigi har ya gano ganye ɗaya ne cikinsu ke aikin, na dangin wannan furen. Shekara goma ya yi yana gwada shi a kan marasa lafiya 163, yana busarwa yana dakawa yana aunawa, kafin ya fitar da sakamakonsa a 1785. Mafi yawan wahalarsa a kan awo ta ƙare, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke jawo amai da rikicewar bugun zuciya 'yar ƙarama ce ƙwarai. Sinadarin yana toshe wata 'yar ƙofa da ke fitar da gishiri daga ƙwayoyin naman zuciya, sai sinadarin alli, wato kalsiyam, ya taru a ciki, zuciyar ta riƙa matsewa da ƙarfi. Kaɗan ya taimaki zuciyar da ta gaji, da yawa ya tsayar da ita. Tumfafiyar nan da ke cike da kangaye da bakin hanya, farin nononta dangin wannan sinadarin ne a ciki, don haka duk wanda ya sa ta a haɗin sha yana wasa da abin da bai auna ba. Digoksin ɗin ma, da aka yi masa babban gwaji a kan mutum 6,800 a 1997, an ga yana rage yawan kwanciya asibiti amma bai ƙara tsawon kwana ba.

Asfirin, da ake ba wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa don kada jini ya sake daskarewa, asalinsa sinadarin ɓawon wata bishiya ne da kamfanin Bayer ya gyara a 1897. Florizin, wanda aka fitar daga ɓawon bishiyar tufa a 1835, ya shafe fiye da ƙarni ɗaya ba a iya amfani da shi ba saboda hanji yana lalata shi kuma yana sa gudawa. Da masana suka sake masa gini sai aka samu dangin dafagiliflozin, maganin ciwon suga, kuma a 2019 gwaji a kan masu gazawar zuciya 4,744 ya nuna ya rage taɓarɓarewar ciwon ko mutuwa da kashi 26 cikin ɗari. Kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai da ake samu daga wani fure mai dafi, ya rage sake aukuwar matsalar zuciya a manyan gwaje-gwaje biyu na 2019 da 2020, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aikin a 2023, sai ga wani gwajin a 2024 a kan mutum fiye da 7,000 bai ga amfaninsa ba. Har yanzu likitoci na muhawara a kai. Duk waɗannan daga tsiro suka fito, kuma babu ɗaya cikinsu da ake sha da ludayi.

Waɗanda ake ta yayatawa yanzu kuwa wani rukuni ne daban, wato sinadaran da ke ba ganye da 'ya'yan itace launi da ɗaci da bauri. Antosayanin shi ke sa zoɓo ja. Kwasetin yana cikin albasa, katekin cikin ganyen shayi da koko, alisin cikin tafarnuwa, kukumin cikin kurkum, taimokwinon cikin habbatus sauda. Tsiron don kansa yake ƙera su, ya kare kansa daga rana da ƙwari da funfuna.

Hujjar masu cewa suna kare zuciya tana da tushe. Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar fata da ke fitar da iskar da ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe. Hawan jini, suga, hayaƙin taba da kitsen jini suna ƙuje wannan fata. Inda ta ƙuje kitse kan maƙale, ya lalace, sojojin jiki su taru a wurin, a hankali hanya ta tsuke. Ran da ta toshe, naman zuciyar da ke gaba ya rasa iska ya fara mutuwa. Wani abin mamaki, in likita ya buɗe hanyar jini ya dawo da ƙarfi, dawowar ma takan ƙara ɓarna, domin iskar da ta kwararo takan haifar da wasu ɓurɓushi masu cin naman jiki kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi bayan damina. A kwalbar ɗakin gwaji, sinadaran tsiron nan suna kashe kaifin ɓurɓushin, suna rage kumburin ciki, wasunsu suna taimaka wa fatar jijiya ta ƙara fitar da iskar tata. Wannan duk an gani, an kuma maimaita.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin takardun da ake ɗauko taken "ganye kaza yana kare zuciya" daga gare su a kan ɓera aka yi su, kuma jami'o'inmu na fitar da irinsu da yawa kowace shekara. Tsarin kusan ɗaya ne. A samo ɓeraye matasa masu ƙoshin lafiya, a yi mako biyu ko huɗu ana ɗura musu tataccen ruwan ganye, sannan a yi musu allurar da ke ƙona naman zuciya, a yanka a duba. Sau da yawa zuciyar waɗanda suka sha ganyen takan fi ta sauran kyau. To amma ɓeran ya sha maganin ne kafin ciwon ya zo, kuma an san ranar da zai zo. Magidancin da aka kawo asibitin Murtala da kumburarrun ƙafafu yana haki, shekara goma jininsa na sama bai sani ba, ga suga, ga ƙoda ta fara gajiya, ga ƙwayoyi huɗu da yake sha. Ga kuma matsalar hanji da hanta: kaso ƙalilan ne na waɗannan sinadarai ke isa jini a yadda suke, sauran an farfasa su ko an fitar. Kukumin ya fi kowanne wannan hali. A 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta cire jadawalin da ta wallafa na ƙarfin kashe ɓurɓushi na abinci iri-iri, domin 'yan kasuwa sun mai da shi talla alhali awon kwalba ba ya nuna abin da zai faru a jikin mutum.

Da aka zo gwada ƙwayoyin a kan mutane da yawa, an sha kunya. A Finlan an ba maza masu shan taba 29,133 sinadarin da ke sa karas launinsa ko bitamin E, sakamakon 1994 ya nuna masu shan na karas ɗin sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari. Bitamin E bai hana ciwon zuciya ba a babban gwajin da aka jagoranta daga Kanada a 2000, da aka ci gaba da bin mutanen ma sai aka ga gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a cikin masu shansa. Resberatirol, na fatar inabi, wanda gyaɗarmu ma tana da ɗan kaɗan, shi ya fi shan kirari. Kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin da ke bincike a kansa a kan dala miliyan 720 a 2008, bayan shekara biyar ya rufe ofishinsa. A 2012 kuma jami'ar Konetikat ta kama ɗaya daga cikin fitattun masu bincikensa, Dipak Das, da laifin ƙirƙira ko murɗe sakamako a wurare 145.

Abinci a yadda yake ya fi ƙwaya sa'a. A Sifaniya an raba mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, wasu aka ba su man zaitun na tatsar farko, wasu 'ya'yan itace masu mai dangin gyaɗa, wasu aka ce su rage maiƙo kawai. Rukuni biyun farko sun samu ragin kusan kashi 30 cikin ɗari na toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. An janye takardar ta 2013 saboda kuskure wajen rabon mutanen, aka sake lissafi aka buga a 2018, sakamakon bai sauya sosai ba. Mai sayen 'yar kwalbar man zaitun a shagon magungunan Musulunci yana lasar cokali da safe ya sani cewa waɗancan kusan cokali huɗu na cin abinci aka ce su ci kullum, a madadin wani man, tare da wake da kifi da ganye, na tsawon shekara kusan biyar.

Akwai kuma abin da masu kwafo labaran Turai ba sa lura da shi, wato zuciyar da ke lalacewa a nan ba ta hanyar da ta can take lalacewa ba. Wani bincike na 2012 ya tattara masu gazawar zuciya 1,006 daga ƙasashen Afirka tara, har da marasa lafiya daga Kano. Hawan jini ne sanadi a kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiyar zuciya ba ta kai kashi 8 ba, kuma matsakaicin shekarunsu 52, ƙasa sosai da na Turawa. Bayan wannan ga ciwon da ke kumbura zuciyar mai jego, wanda yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Ƙididdigar da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ta samu kusan haihuwa ɗaya cikin 96 a Kano. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suke zargin wankan jego da kunun kanwa, amma aikin na baya-bayan nan ya fi nuna yatsa ga ramar jiki, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ga kuma yaran da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya cinye musu ƙofofin zuciya. Babu ganyen da ke gyara ƙofar da ta lalace. Saboda haka in za a tambayi wani tsiro ko yana kare zuciyar Bakano, tambayar farko ita ce: yana sauke jini?

Nan ne zoɓo ya yi zarra. A Jami'ar Tufts da ke Boston an ɗauki mutum 65 da jininsu ya fara hawa kuma ba sa shan magani. Rabi aka ba su kofi uku na zoɓo kullum, kowane kofi da giram 1.25 na busasshen zoɓo, sauran aka ba su abin sha na bogi mai kama da shi. Bayan mako shida lambar sama a awon jinin masu zoɓo ta sauka da maki 7.2, ta sauran da 1.3, kuma waɗanda jininsu ya fi hawa tun farko su suka fi gani. An buga wannan a 2010. A Inugu ma a 2015 an kwatanta zoɓo da ƙwayar fitsarin da aka saba ba masu hawan jini na tsawon mako huɗu, zoɓon bai gaza ba. Ana ganin ta hanya biyu yake aiki, yana ɗan sa fitsari, kuma jan sinadarinsa yana taɓa sinadarin nan mai tsuke jijiya da ƙwayar hawan jini ta lisinofiril ke toshewa. Maki shida ba abin rainawa ba ne: wani nazari na 2021 da ya haɗa gwaje-gwajen magungunan hawan jini 48 ya nuna duk ragin maki biyar a lambar sama yana rage manyan matsalolin zuciya da kusan kashi goma cikin ɗari. Amma wannan lissafin na ƙwayoyin da aka bi shekaru ana sha ne. Gwaje-gwajen zoɓo ƙanana ne, na makonni, kuma lamba suka auna. Babu wanda ya bi dubban masu shansa na shekaru ya ƙirga nawa ne suka samu shanyewar jiki. Wanda jininsa ke 180 kuwa, in an cire shida saura 174, yana nan cikin haɗari.

Sannan zoɓon gwaji daban, na leda daban. Ka tsaya kan mai haɗa na sayarwa da azumi. Za ta tafasa zoɓon da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta tace a babbar roba. Sai ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, tsami ya yi yawa. Wata sai ta jefa 'yar kanwa, nan take jan ya koma duhu, domin kanwa tana sauya antosayanin ɗin ne, ita kanta kuma dangin gishiri ce. Daga nan sai suga, da gwangwani ake zubawa ana juyawa ana lasa har tsamin ya ɓace, a ƙara fileba da kala, a ƙulla a kai firiza. Ba laifinta ba ne, in ba zaƙi ba mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu a yini, gishiri kuma giram biyar. Mai hawan jinin da ya sha leda uku da shan ruwa, ya bi da miyar da aka zuba wa dunƙulen magi barkatai, ya ci goro bayan isha'i, zoɓonsa aikin banza ya yi. Goron ma tsiro ne, kuma kafeyin ɗinsa ɗaga jini yake yi na ɗan lokaci.

Tafarnuwa ta ɗan sauke jini a wasu ƙananan gwaje-gwaje, amma a Jami'ar Istanfod a 2007 mutum 192 sun yi wata shida suna cin ɗanya ko ƙwayarta, kitsen jininsu bai motsa ba. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatanmu saboda hadisi, kuma ba ni da ja a kan wannan. Abin da awo ya nuna zuwa yanzu ragi ne na maki kaɗan, kuma hadisin bai ce a jefar da ƙwayar likita ba. Zogale abinci ne mai kyau, a ci kwaɗonsa a more, amma yawancin abin da ake faɗa a kansa game da zuciya daga kejin ɓera ya fito.

Hatsarin da ya fi yawa ba daga ganyen kansa yake zuwa ba, daga abin da aka bari saboda shi ne. Hawan jini ba ya ciwo, sai mutum ya ji garau bayan mako biyu yana shan jiƙo, ya ajiye ƙwayar hawan jininsa ta amlodifin, ga shi dama kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Sai kuma haɗuwar biyun a ciki ɗaya. Wanda aka sauya wa ƙofar zuciya yana shan warfarin, maganin tsinka jini, in ya ɗora tafarnuwa da citta da yawa jininsa kan iya tsinkewa fiye da kima, in kuma ya tsiri cin alayyahu da zogale fiye da yadda ya saba ƙarfin ƙwayar ya ragu. Mai shan ƙwayar fitsari da ya ƙara da zoɓo mai kauri zai iya jin jiri in ya miƙe. Da yawa kuma ba sa faɗa wa likita don kada a yi musu faɗa, likitocin da ke yin faɗan su ma da nasu laifin. Lambar NAFDAC da mai gora ke nunawa ma a fahimce ta: rajistar wucin gadi da ake ba maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba ba a gwajin da aka yi, shi ya sa ake buƙatar a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Da ƙananan baƙaƙe ake rubutawa, da Turanci.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mun taɓa gwadawa a ƙasar nan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan masu sikila, aka buga sakamakon a 2001 da sunan Niprisan. Zoɓo ya fi wannan sauƙi ta kowace fuska. Jigawa da Kano da Katsina ke noma shi, a Dawanau ake loda buhunansa, mafi yawa Meziko ake kai shi. Masu hawan jini kusan ɗaya ne cikin kowane manya uku a Najeriya, Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano suna da likitocin zuciya da suka saba da manyan bincike. Abin da za a fara warwarewa shi ne awo, domin zoɓon baƙi da ja ba ƙarfinsu ɗaya ba, na bana da wanda ya shekara a sito ma haka, tafasawa da jiƙawa kowanne da abin da yake fitarwa. Sai a tsai da iri ɗaya da giram ɗaya, a ɗora shi a kan maganin da mutum ke sha, a bi mutum dubu biyu ko uku na shekaru. Kamfanin magani ba zai zuba kuɗinsa a nan ba, tunda ba mai iya mallakar abin da ake auna wa kowa a mudu a kasuwar Rimi. In za a yi, daga asusun gwamnati ne ko TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, ko aljihun attajiran da ke cin ribar fitar da shi waje.